Rumbun Marayu na Dudunni

Shekara ashirin da shida na yi ina aikin akawu a Kankia, kuma a tsawon wannan lokaci ba wanda ya taɓa dawo mini da takarda ya ce, "Malam Ɗahiru, ka yi kuskure." Na fara da wannan ne don ku san irin mutumin da ke ba ku labari. Ina da saurin fushi, na sani, kuma ina ji da rubutun hannuna fiye da yadda ya kamata dattijo ya ji da wani abu na duniya.

Da na yi ritaya, 'yan garinmu Dudunni suka jawo ni cikin wata 'yar ƙungiya da suka kafa, wadda kowa ke kira Rumbun Marayu. Mu ashirin da uku ne. Idan kaka ta yi, kowa ya kawo abin da ya sauƙaƙa, wani dami biyu na gero, wani biyar, na Kano da Katsina kuma su aiko da kuɗi a saya musu. Ana jera geron a wani ƙaton rumbun ƙasa da ke bayan gidan Baba Bube, ma'ajinmu. Idan damina ta yi tsakiya, lokacin da hatsin gida ya ƙare sabo bai nuna ba, sai a buɗe rumbu daga sama a sauko da dami arba'in a raba wa gidajen marayu goma sha tara. Abin da ya rage a ƙasa shi ne ajiya, ba a taɓa shi, an tanade shi ne don mugunyar shekara. A littafina ajiyar nan ta kai dami ɗari da sittin.

Ni aka naɗa mai bincike. Aikina shi ne sau ɗaya a shekara in je in duba rumbun, in rubuta rahoto, in karanta shi a babban taro. Shekara shida a jere na rufe rahoton da magana ɗaya: "Na duba rumbu da idona, na same shi lafiya." Sai in sa hannu, da irin lanƙwasar nan da nake yi a ƙarshen sunana, wadda har yau ban ga wanda ya iya kwaikwayonta ba.

To, bari in faɗa muku yadda nake dubawar.

A wajenmu ba a leƙa rumbun mutum. Mace za ta shekara talatin a gidan miji ba ta san abin da ke cikin rumbunsa ba, abin da aka fitar aka ba ta shi ne nata. Baba Bube kuwa aminin mahaifina ne, shi ya karɓa mini aure. Duk ranar da na je bincike, bayan mun gaisa sai ya sa a ɗauko tsani a kafa a jikin rumbu, ya ce, "Tau, Ɗahiru, ga shi nan. Bari in shiga in sa a dama maka hura." Ya ja sandarsa ya shige gida, ya daɗe bai fito ba, wani lokacin har in fara gyangyaɗi. Ni kuwa ina zaune kan tabarma a inuwar bedi ina kallon tsanin. A fahimtata tsohon yana nuna mini ne ba shi da abin ɓoyewa, ni kuma ƙin hawan da nake yi shi ke nuna an yi mini tarbiyya. Iyakata in tashi in zagaya rumbun, in ƙwanƙwasa cikinsa da bayan yatsa, in ji shi dam a cike. Idan ya fito mu sha fura, mu taɓa hirar mahaifina, in hau babur ɗina in koma Kankia raina fes.

Sai ga mugunyar shekarar ta zo. Ruwa ya ɗauke gero na tsaka da fitar da kai, gonaki suka ƙone a tsaye. A kakar nan duk ƙungiya dami goma sha takwas muka iya haɗawa, aka ɗora su a kan ajiya aka rufe.

Ana gab da shuka Sa'a ta zo gidana a Kankia. Matar marigayi Shehu ce, abokina tun muna kiwon awaki. Ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da gona ɗaya a kan hanyar Kusada. Ta shiga wajen iyalina tukuna, sannan ta fito zaure ta durƙusa daga bakin ƙofa.

Ta ce, "Yaya Ɗahiru, shawara na zo nema. Tiya sha biyu ta gero ta rage mini. In na shuka ta ba mu da na ci, in mun ci ba mu da iri. Ɗanmaliki ya ce shina ba ni buhu huɗu in jinginar mishi da gonar shekara uku."

Ɗanmaliki ɗan kasuwar hatsi ne a Kusada. Ba zan ce mugu ne ba, amma ban taɓa jin gonar da ta shiga hannunsa ta fito a kan lokaci ba. Nan da nan raina ya ɓaci.

Na ce, "Gonar Shehu? Ina raye? Ki je ki shuka irinki. Kada ki sake ki dangwala wa kowa yatsa a takarda. Muna da dami ɗari da sittin a ajiye, bana za a buɗe su, gidanki kuma na cikin na farko."

Ta murza bakin mayafinta. "Yaya, ka tabbata? Don in na zuba irin ga cikin ƙasa, ba ya tonuwa."

"Sa'a, kin taɓa jin na yi magana a kan abin da ban gani ba?"

Ta yi godiya ta tafi. Ta mayar wa Ɗanmaliki da amsa, ruwa ya sauka, ta shuka tiyarta goma sha biyu. Ita da yaran suka lallaɓa da zogale da tafasa da ɗan abin da maƙwabta suka miƙo, suna jiran ranar buɗe rumbu.

A watan bakwai muka yi taro a wani ajin firamare a Kusada don sa ranar rabo. Akwai sabon ɗan ƙungiya, Zainul Abidin, malamin gona, mutum mai kimanin shekara talatin da biyar, da tabarau da ɗan littafi a aljihun gaba. Ba na son mutumin da ke rubutu ina magana, shi kuwa ɗabi'arsa ke nan. Bayan na karanta lissafi kowa ya yi hamdala, sai ya ɗaga hannu.

"Kawu Ɗahiru, tambaya gare ni. Yaushe rabon da a kwashe rumbun nan gaba ɗaya a share ƙasansa?"

Na ce wannan aikin ma'aji ne, ba nawa ba.

"To da za a yarda, kafin a sanar da matan, mutum biyu ko uku su shiga su gani har ƙasa. Hatsin jama'a ne, ya kamata a ce fiye da ido ɗaya ya gan shi."

Baba Bube bai zo taron ba saboda ciwon gwiwa, don haka na ga ni ne zan tsaya masa. Na miƙe. Na ce wa Zainul Abidin lokacin da Baba Bube ya fara riƙe amanar mutane, uwarsa ma ba a kai ta ɗaki ba. Na ce idan yana zargin tsohon da sata ya fito fili ya faɗa, idan kuma ni yake zargi da ƙarya, ga rahotona shida a gabansa. Na ɗaga su sama ina kaɗawa. Wallahi har wani daɗi nake ji a lokacin, don na ga dattawa na gyaɗa kai.

Ya ce, "Kawu, ba zargi ba ne. Allah ya ba ka haƙuri." Ya mayar da littafinsa aljihu.

Aka sa Asabar. Ni da kaina na aika gida goma sha tara, na ce kowace ta zo da buhu, mai biyu ta zo da biyu.

Ranar Asabar tun da hantsi matan suka hallara. Suka zauna a jere a gindin katangar gidan Baba Bube daga waje, kowace da buhunanta a naɗe a cinya, ana ta raha kamar gidan suna. Na hango Sa'a can ƙarshe, ta ɗaga mini hannu. Mu maza muka zagaya baya wajen rumbu. Aka fito wa Baba Bube da kujera, ya zauna ya dogara haɓarsa a kan sanda. Zainul Abidin ya cire takalmi ya ce shi zai hau, wataƙila don ya wanke laifinsa na ranar taro. Na ce a raina, hau mana, ka gani da tabaran naka.

Aka ɗage jinkar rumbun. Ya fara miƙo dami ana karɓa ina ƙirgawa da ƙarfi. Goma sha takwas na bara suka sauko, gero tas da shi. Suka biyo da wasu bakwai, sun ɗan yi ƙura amma ba laifi. Na ɗaga biro ina jiran na ashirin da shida.

Ba a ƙara miƙo ko ɗaya ba.

Na ce, "Malam Zainu, barci ka yi a ciki?" Wasu suka yi dariya.

Kansa ya leƙo ta bakin rumbun. Ya cire tabarau. Muryarsa ta sauya, ta yi ƙasa ƙwarai.

"Kawu, hawo."

"Miƙo dai, ina ƙirgawa."

"Don Allah ka hawo."

Na tattare babbar rigata na kama tsanin. Ranar ce na fara sanin cewa matakinsa na uku yana lilo. Kafin in kai sama wani wari ya tare ni, irin na ɗakin da aka shekara ba a buɗe ba. Na leƙa. Da farko ban ga abin tashin hankali ba, ga dammai nan a jere yadda aka ajiye su, har da igiyoyinsu, sai dai launinsu ya koma ja-ja. Zainul Abidin ya sunkuya ya kama zangarniya ɗaya ya miƙo mini. Ina rufe hannuna a kanta ta marmashe, jar ƙasa da ƙaiƙayi suka zube ta tsakanin yatsuna.

Ya ce a miƙo masa ƙotar fartanya. Ya dafa ya danna ta a tsakiyar rumbun. Saman ya fashe kamar busasshen ɓawon tuwo, ƙotar ta nutse har hannunsa, ba abin da ya tare ta. Daga cikin ramin gara ta yi ta tasowa, fara sol, tana warwatsuwa ko ta ina.

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ban san sau nawa na maimaita ba. Na riƙe bakin rumbun da hannu biyu. A ƙasa ana ta tambayata ko lafiya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, ko ranar da aka gaya mini rasuwar mahaifina.

Duk da haka zuciyata ta ƙi yarda. Na sauko na ce a fasa rumbun daga ƙasa, ai ba zai yiwu a ce duka ba. Aka kawo diga aka huda gindinsa. Abin da ya zubo ƙasa ce, sai guntayen kara, sai gara. Ta shigo ta ƙarƙashi, ta cinye ƙwayar shekara da shekaru, ta cike gurbin da ginin ƙasarta. Shi ya sa duk ƙwanƙwasar da nake yi nake jin shi a cike. Maza ashirin muka tsaya cirko-cirko. Daga bayan katanga kuwa ana jiyo dariyar matan.

Da yake ni ne, abin da ya fara zo mini shi ne neman wanda zan ɗora wa. Na juya wajen tsohon.

"Baba, yaya aka yi haka?"

Ya miƙa hannu, wani ya ɗebo masa ƙasar ya zuba masa a tafi. Ya murza ta a hankali, ya kai hanci ya sansana.

Ya ce, "Da ina da ƙahwa, shekara biyu-biyu nike kwashe shi, in share, in zuba toka da ganyen bedi. Shekara biyar ke nan gwiwa ta hana ni hawa. Masu sauko da na rabo iyakarsu sama. Na so in hwaɗi a canza ma'aji, sai in ji kunya, kada a ce Bube ya gaji da marayu." Ya ɗago ya dube ni. "Amma kowace shekara ana zuwa a ce mini an karanta takardarka, ka duba, lahiya lau. Sai in ce alhamdu lillahi, idon Ɗahiru ya hi nawa."

Na sunkuyar da kai.

Ya ci gaba, ba da faɗa ba, shi ma tambaya yake yi tsakaninsa da Allah. "Ɗahiru, don mi kake tsammani nike shigewa gida in daɗe? Hura damun minti nawa ce? Na san ba ka iya hawa ina zaune ina kallonka. Wuri nike ba ka. Ina zaune a tsakar gida ina jira har in tabbata ka sauko, kada in hito in ba ka kunya."

Wani daga bayana ya ce, "La ilaha illallah."

"Ɗan nan, ba ka taɓa hawa ba? Ko sau guda?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na ga ƙarya uku sun zo bakina a jere, kowace da kamar za ta shige, amma ga ƙasar nan a tafin hannunsa.

Na ce, "Ban taɓa ba, Baba."

Tsohon ya saki sandarsa ta faɗi, ya rufe fuska da hannu biyu, ƙasar na zuba a rigarsa. Mutumin da ya haura tamanin yana kuka a gaban sa'o'in 'ya'yansa. Zainul Abidin ya sauko, jikinsa duk ja da ƙura. Na jira ya tuna mini da ranar taro, har na so ya yi, ko na sami wanda zan yi wa tsawa. Sai kawai ya ɗauki sandar ya jingine ta kusa da tsohon.

Aka fara shawarar abin da za a gaya wa matan. Wani ya ce a ce musu an ɗage rabo. Wani ya ce a ce annoba ce daga Allah, a tsaya a nan, a rufa wa dattawa asiri. Zainul Abidin ya ce, "Abincin 'ya'yansu ne. Su ne suka fi kowa haƙƙin sanin yadda aka yi." A karon farko ban yi masa musu ba. Na ce ni zan faɗa.

Na zagaya wajen katanga. Suna ganin fuskata hirar ta mutu. Na tsaya a rana na gaya musu duka: gara, da gwiwar Baba Bube, da tsanin da ban taɓa hawa ba, da hannun da na sa sau shida. Na ce dami ashirin da biyar ne ya tsira, kowane gida zai sami ɗaya da ɗan ƙari. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka. Wata ta tambaye ni sau biyu, "Duka? Duka ɗari da sittin ɗin?" kamar wataƙila a karo na biyu amsar ta sauya. Ba wadda ta zage ni, kuma da sun zaga da na fi samun sauƙi.

Aka raba. Dami ɗaya ba ya buƙatar buhu, kowace ta ɗora nata a ka, buhunan da suka zo da su a hammata. Sa'a ce ta ƙarshe. Na matsa kusa da ita, na ce akwai buhun gero biyu a gidana, gobe zan aiko mata da ɗaya.

Ta ce, "Za ni amsa, Yaya, ba ni da halin ƙi. Allah shi saka." Ta yi ɗan lissafi da yatsu a ƙarƙashin mayafi. "Shina kai mu wata ɗaya da 'yan kwanaki. Gero kau sai wata uku."

"Za mu san yadda za a yi. Zan kira na Kano, zan—"

"Gida sha tara ne, ba ni ɗaya ba." Ta faɗe shi a hankali, ba tare da ta dube ni ba. "Za ni koma wurin Ɗanmaliki. Na san yanzu ba ya ba da huɗu, hatsi ya yi tsada. Kuma da shukar da ke ciki za shi amsa, har ta kai gwiwa."

Na ce, "Sa'a, ki yafe mini."

"Na yahe." Ta durƙusa ta gyara gammo, na kama mata damin ta ɗora a ka. Har ta juya, sai ta tsaya. "Alfarma guda nike nema. Jibi ka zo Kusada ka rubuta muna takardar jinginar. Kai ka iya rubutu, kuma Ɗanmaliki na jin nauyinka. Ka sa shekara uku ƙarara, kada shi maishe ta biyar."

Na ce zan zo, ko da rarrafe ne.

"Tau, madalla." Ta dafe damin da ke rangaji a kanta. "Ka taho da Malam Zainu. In ka gama, shi karanta mini kahin in dangwala."